Kauri ya fi gudu: dabarun haɗa mai da ruwa da ƙaramar wuta

A teburin mai shayi, tsakanin gwangwanin madara da jerin burodi, da wuya a rasa kwalbar mayonis, wadda yawancinmu ke ce wa Bama ko da wani kamfanin daban ne ya yi ta. Wanda ya lakato cokali guda ya shafa wa burodi ba ya ganin mai yake ci, tunda abin fari ne tas, ba ya tsiyaya, ba ya naso. Amma akasarinsa mai ne. A dokar abinci ta Amurka ba a yarda a kira abu mayonis ba sai man girki ya kai kashi 65 cikin 100 na nauyinsa, kuma mai kyau yakan kai kashi 70 zuwa 80. Abin da ya rage ɗan ruwa ne da ruwan khal da gwaiduwar ƙwai da gishiri. Ɗan ruwan nan, duk da ƙarancinsa, shi ne ya kewaye man. Cokali guda na ɗauke da biliyoyin ƙwayoyin mai, kowace a lulluɓe da siririn ruwa, sun cunkushe har babu mai iya motsi. Cunkoson ne ya sa mayonis ke tsayawa a cokali.

Injiniyoyi na kiran irin wannan gauraye emalshan, kuma ya cika rayuwarmu fiye da yadda muke zato. Madarar shanu emalshan ce tun daga hantsa. Haka kirim ɗin shafawa, da maganin feshin gona idan an tsinka shi, da kwaltar ruwa da ake fesawa a titi kafin a shimfiɗa sabuwa, har da duhu-duhun da ake gani a lemon kwalba mai ɗanɗanon lemu.

Mai da ruwa ba sa ga maciji. Tilasta musu zama tare aikin inji ne, inji kuwa wuta yake ci, wuta kuma ta yi tsada. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da lantarki ta Najeriya ta ɗaga kuɗin yunit ɗaya ga masu rukunin A daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225. Wanda ya dogara da janareta ya riga ya ji a jikinsa tun cire tallafin fetur a watan Mayun 2023. Daga masana'antun Sharaɗa da Bompai a Kano zuwa matar da ke haɗa kirim a tsakar gida tana sayarwa ta waya, duk mai gauraya mai da ruwa yana biyan wannan kuɗi. Abin da ke damuna shi ne mafi yawan abin da yake biya ba ya shiga aikin ko kaɗan, kuma maganin hakan sananne ne tun shekaru aru-aru, sai dai bai iso wurin masu buƙatarsa ba.

Ina wutar take tafiya?

Injin da ya fi suna a wannan fage shi ne homojinaiza. Bafaranshe Auguste Gaulin ne ya yi masa rajista a 1899, ya nuna shi a bikin baje kolin duniya na birnin Faris a 1900. Don madara ya ƙera shi, saboda kada maiƙonta ya riƙa tasowa sama. Injin yana tura ruwan ne ta wata 'yar tsaga mai ƙunci ƙwarai, da matsin da ya ninka iskar tayar mota kusan sau 100. A fitowar ne ƙwayoyin mai ke tarwatsewa.

Bari mu yi lissafi. A ɗauki lita 1,000 na gauraye, rabinsa mai, a ce ana son kowace ƙwaya ta zama maikiron 1, wato kashi 1 cikin 1,000 na milimita. Kaurin gashin mutum yana tsakanin maikiron 50 da 100. Da za a feɗe fatar dukkan ƙwayoyin nan a shimfiɗa, za ta rufe hekta 300. Fatar nan ita ce ainihin abin da ake son ƙirƙira. Ƙarfin da ke ajiye a cikinta kuwa, idan an sa sinadarin sasanci mai kyau, wato abin da ke lulluɓe ƙwayar ya sa mai da ruwa su zauna tare, bai wuce abin da ƙwan lantarki mai wat 100 zai ci a minti 5 ba. Shi kuma injin, kafin ya tura lita 1,000 ɗin a wancan matsi, zai ci yunit 5 da rabi ko fiye, wato abin da ƙwan zai ci a sama da awa 55. Pieter Walstra na jami'ar Wageningen a Holan, wanda ya ƙarar da rayuwarsa kan kimiyyar madara, ya daɗe da nuna cewa wutar da ake kashewa kan ninka wadda ke shiga ƙirƙirar fatar kusan sau 1,000.

Sauran duk zafi yake komawa. Kowane zagaye a wancan matsi na ɗaga zafin ruwan da kusan digiri 5, kuma idan kayan ba ya son zafi sai an sake biyan kuɗi an sanyaya shi.

Dalilin wannan asara shi ne taurin kan ƙwayar. Gwargwadon ƙanƙantarta gwargwadon ƙarfin da fatarta ke matse ta: a rage girmanta da rabi, matsin cikinta ya ninka biyu. Kafin a raba ta sai an kama ta an ja, kuma babu abin kamawa sai ruwan da ke kewaye da ita. Ruwa kuwa tsinkakke ne, ba shi da riƙo. Dole a kore shi da gudun bala'i har ya rikice ya yi ta hauka, a cikin haukan ne wasu ƙananan igiyoyi ke dacewa da ƙwayar su fasa ta. Mafi yawansu ruwa suke bugawa da ruwa.

Abin da kauri ke yi

A 1934 masanin jami'ar Kambirij Geoffrey Taylor ya sa ɗigon mai guda a cikin ruwan sukari mai kauri, ya riƙa murza shi tsakanin naɗaɗɗun ƙarafa yana kallo. Ya gano cewa abu uku ne ke yanke hukunci: kaurin abin da ke kewaye da ɗigon, saurin murzawar, da ƙarfin fatar ɗigon. Na farko da na biyu suna iya maye gurbin juna. Idan kauri ya ninka 10, saurin da ake buƙata ya ragu sau 10. Daga baya wani injiniyan kamfanin DuPont, H. P. Grace, wanda aikinsa ya fito a 1982, ya ƙara wani abu mai muhimmanci: idan man ya fi abin da ke kewaye da shi kauri kusan sau 4, murza ta kai-tsaye ba za ta fasa shi ba komai gudunta. Sai dai ƙwayar ta yi ta juyi a wuri ɗaya. Man girki ya fi ruwa kauri kusan sau 50. Ke nan mai zuba ɗan mai a cikin ruwa mai yawa yana kaɗawa ya zaɓi hanya mafi wuya.

To, da me za a kaurara ruwan? Ana iya sa sitaci ko wani danƙo. Amma akwai abin da ya fi wannan sauƙi, wato shi kansa man. Idan aka zuba dunƙulallun abubuwa masu girma ɗaya a mazubi ba tare da tsari ba, suna cika kusan kashi 64 cikin 100 na wurin. Idan aka jera su da kyau suna kai kashi 74, adadin da Johannes Kepler ya hango tun 1611. Da zarar mai ya wuce wannan iyaka a cikin gauraye, ƙwayoyin ba su da sauran fili, sai su matse juna su yi kusurwa-kusurwa, siririn ruwa ne kawai tsakaninsu. Kenneth Lissant ya bayyana siffar wannan yanayi a 1966. Gaurayen da ɗazu yake tsiyaya sai ya yi kaurin da ya ninka na ruwa sau dubbai, har ya zarce na man. Kowace ƙwaya ba ruwa ke murza ta ba yanzu, maƙwabtanta ne. Masu bincike a ɗakin gwajin Unilever da ke Holan sun nuna a 2001 cewa kaurin da ya kamata a sa a lissafin Taylor shi ne na gaurayen baki ɗaya, ba na ruwan kaɗai ba. A 2011 ayarin Slavka Tcholakova da Nikolai Denkov na jami'ar Sofiya a Bulgeriya ya nuna cewa idan mai ya haura kusan kashi 75, injin murza na yau da kullum yana fitar da ƙwayoyi ƙanana sosai, har daga mai mai kauri wanda ya gagara a tsinkakken gauraye.

Duk mai dama fura ta san wannan. Ba ta jefa dunƙulen fura a cikin ƙwarya cike da nono ta bi shi da ludayi, don zai yi ta zillewa ne, a ƙare da gudaji. Ɗan nono take sawa, ta murje furar tana da kauri har ta yi laushi, sannan ta tsinka yadda mai sha yake so. Tsarin ke nan: a haɗa da kauri, a tsinka daga baya.

Ribar iri biyu ce. Ta farko lissafi ne kawai. Wutar inji tana bin yawan abin da ya ratsa shi, ba yawan man da ke ciki ba. Wanda ke son gauraye mai kashi 10 na mai, idan ya fara haɗa shi a kashi 80 sannan ya tsinka, lita 1 kawai zai tura ta inji a maimakon lita 8. Tsinkawar ba ta buƙatar komai sai juyi a hankali. Ta biyu ita ce ba a buƙatar gudu, don haka ba a buƙatar haukan ruwa, kuma ƙwayoyin kan fito kusan girma ɗaya, abin da ke sa kaya ya daɗe bai rabu ba. Ba na cewa kyauta ne. Abu mai kauri yana son hannu mai ƙarfi, don haka motar injin tana buƙatar giyar da za ta rage gudu ta ƙara ƙarfin juyi, kuma fiffiken da ke juya kayan dole ya share har gefen tukunya, in ba haka ba sai ya haƙa rami a tsakiya ya bar sauran a daskare. Aikin kuma yakan ɗan fi daɗewa. Amma ƙaramar mota mai giya ta fi homojinaiza araha nesa ba kusa ba, kuma makanikin unguwa zai iya gyara ta.

Darasin Orinoko

Wani babban gwaji da aka yi wa wannan dabara a Benezuwela aka yi shi. A arewacin kogin Orinoko akwai ɗanyen mai mai tarin yawa, amma kaurinsa ya kusa na kwalta, ba ya bin bututu sai an gasa shi ko an tsinka shi da mai mara nauyi, kuma duka biyun kuɗi ne. A shekarun 1980 cibiyar bincike ta Intevep, reshen kamfanin mai na ƙasar wato PDVSA, tare da kamfanin BP na Ingila, suka ɗauki wata hanya. Suka riƙa haɗa man mai ɗumi da ɗan ruwa kaɗan mai ɗauke da sinadarin sasanci, man na da rinjaye ƙwarai, suna juyawa a hankali. A irin wannan juyi man kan miƙe ya zama zare-zare tsakanin siraran ruwa, zaren kuma ya tsintsinke ya zama ƙwayoyi. Daga nan sai a ƙara ruwa har ya kai kashi 30, mai kashi 70. Abin da ba ya motsi sai ga shi yana bin bututu yana shiga jirgin ruwa.

Sun sa masa suna Orimulsion, aka riƙa ƙona shi a tashoshin lantarki na Japan da Denmak da Italiya da Kanada. Yana da nasa aibin: farar wuta ta yi masa yawa, hayaƙinsa sai an tace, kuma masu kare muhalli sun ji tsoron malalarsa a teku tunda ba ya tasowa sama a kwashe shi, bazuwa yake yi cikin ruwa. A 2006 gwamnatin Hugo Chávez ta dakatar da shi, bisa hujjar cewa sayar da man ta wasu hanyoyi ya fi riba. Cinikin ya mutu, amma ya bar hujjar da ba ta da ja: miliyoyin tan na ɗaya daga cikin mafi kaurin mai a duniya sun zama emalshan ba tare da matsin homojinaiza ba. Ya kuma bar masana, musamman ɗakin bincike na Jean-Louis Salager a jami'ar Los Andes da ke Merida, wanda ya horar da ɗalibai da yawa kan yadda zaɓin sinadari da tsarin zubi ke rage wa inji aiki.

A Faransa aka kai abin ga ƙarshen tsafta. A 1996 Thomas Mason da Jérôme Bibette, a wata cibiyar bincike kusa da Bordo, suka ɗauki gauraye mai kauri mai manyan ƙwayoyi barkatai, suka tura shi tsakanin bango biyu da ratarsu ba ta wuce kaurin gashi biyu ko uku ba, ɗaya na juyi ɗaya na tsaye. Cikin daƙiƙoƙi ƙwayoyin suka fito kusan girma ɗaya. Sirrin shi ne a irin wannan ƙunci kowace ƙwaya murza iri ɗaya take samu, babu wadda ta sha wuya babu wadda ta tsira. A tukunya kuwa, abin da ke kusa da fiffike yana shan murza fiye da kima, na nesa ba ya samu, shi ya sa ake ta juyi har sai kowa ya zagayo. Irin wannan manufa ce ta bututun gauraya da masana'antu da dama ke amfani da shi, wanda babu abin da ke motsi a cikinsa sai karkatattun ƙarafa da ke raba kayan suna ninke shi, famfo kawai ke turawa.

Inda abin ke ɓaci

Gauraye mai kauri a bakin rami yake tafiya. Idan aka matsa masa, yakan kife: ruwan ya koma ciki, man ya koma waje. Wannan kifewa ce ake nema da gangan idan ana kaɗa nono don fitar da man shanu. Amma ga mai mayonis ko kirim asara ce, kaya ya tsinke, mai ya taso.

Abin da ke jawo ta sananne ne. Zuba mai da yawa tun farko, kafin a samu 'yan ƙwayoyin da za su fara kaurara ruwan, shi ne na ɗaya. Shi ya sa ake farawa da ɗigo-ɗigo, sai gindi ya kafu a saki hannu. Sa sinadarin sasanci a ɓangaren da bai dace ba shi ne na biyu. Tun 1913 Wilder Bancroft ya lura cewa ɓangaren da sinadarin ya fi narkewa a ciki shi ne ke zama na waje, don haka mai son ruwa a waje ya nemi sinadarin da ke son ruwa. Na uku ƙarancin ruwa. Mutane kan ɗauka ƙwai ne ya gaza, alhali marubucin kimiyyar girki Harold McGee ya nuna cewa gwaiduwa ɗaya na iya riƙe mai lita-lita muddin ana ƙara ruwa daidai gwargwado. Na huɗu, kuma shi ya fi ba ni takaici, yawan murza. Ana kai wa wani matsayi da sabbin ƙwayoyi ke fashewa fiye da yadda sinadarin zai iya rufe su, sai su koma suna haɗewa. Daga nan duk yunit ɗin da aka ƙara ɓarna yake yi. Dalilin ke nan da kamfanonin mayonis mai cikakken mai ba sa bi da shi ta homojinaiza mai matsi, sai ta injin murza mai juyi, a yi sau ɗaya a wuce.

A bar sinadari ya yi aikin

Manomi ya san wata hanya daban. Idan ya zuba maganin feshi mai kama da mai a cikin ruwa, take ruwan ya yi fari ba tare da an kaɗa sosai ba. Haka Dettol ke yi a bokitin wanka. A nan an ɗora wa man sinadaran da, da zarar sun taɓa ruwa, suke rugawa cikinsa suna jan man gutsi-gutsi. Kozo Shinoda na Japan ya gano wata 'yar'uwar wannan a shekarun 1960. Akwai jinsin sinadarai da ke son ruwa in da sanyi, su koma son mai in an yi zafi. A daidai zafin da suke sauya sheƙa fatar ƙwayoyi tana yin laushi matuƙa, juyi kaɗan ya isa a samu ƙwayoyi ƙanana, sai a yi maza a sanyaya kafin su haɗe. Wata hanyar kuma ita ce a riƙa ɗiga ruwa cikin mai har gaurayen ya kife da kansa zuwa inda ake so, kamar yadda ake yi wa wasu nau'o'in fenti.

Ina ganin ya kamata namu su yi hattara da waɗannan. Suna rage wuta, gaskiya ne, amma suna ƙara sinadari, sinadarin kuma da dala ake shigo da shi. Ba kowane kuma ya halatta a abinci ba. Tanadin da aka yi a mita yana iya zubewa a kasuwar canji.

Ita ma dabarar da Tadao Nakashima da abokan aikinsa suka fitar a lardin Miyazaki na Japan a ƙarshen shekarun 1980 abar sha'awa ce. Sun yi rariyar gilashi daga tokar dutse mai aman wuta, hudojinta girmansu ɗaya, ana tura mai ta ciki a hankali yana fitowa ƙwaya-ƙwaya cikin ruwa. Babu fasawa, don haka wutar kaɗan ce ƙwarai. Sai dai tana da jinkiri, hudojin na toshewa, kuma ta fi dacewa da kaya kaɗan masu tsada irin na magani.

Tukunyar da ta fi injin ci

Ga mai haɗa kirim da man shafawa, babbar ƙofar asara ba ma injin ba ce. Yadda aka saba koyarwa, ana narkar da mai da kakin da ke cikinsa a kusan digiri 75, a ɗumama ruwan gaba ɗaya zuwa wannan zafi, a haɗa, sannan a yi ta juyi har ya huce. A ce kaya kilo 1,000 ne, 700 daga ciki ruwa. Ɗaga zafin ruwan nan daga digiri 30 zuwa 75 zai ci kusan yunit 37, ko da babu zafin da ya tsere ta gefen tukunya. A kan naira 225 ta Afrilun 2024 ya haura naira 8,000, ruwa kawai. Motar juyi mai kilowat 5 da ta yi awa guda yunit 5 za ta ci. Sannan duk zafin da aka saya dole a kore shi kafin a zuba turare a ɗura a roba, kuma wanda ya taɓa jiran tukunya ta huce a watan Afrilu a Kano ko Maraɗi ya san abin da nake nufi.

A 1978 wani masanin kayan kwalliya a Amurka, T. Joseph Lin, ya yi tambayar da ta kamata: me ya sa za a dafa ruwan duka? Ya ba da shawarar a ɗumama wani kaso kawai, a haɗa shi da narkakken man a samu gauraye mai kauri, sannan a tsinka da sauran ruwan a yadda yake. A misalinmu, in kashi ɗaya cikin uku aka ɗumama, an tsira da kusan yunit 24. Ruwan da aka zuba daga baya shi ke sanyaya kayan, don haka lokacin jira ya ragu, injin juyi ya huta da wuri, tukunya ɗaya ta iya yin zubi biyu a ranar da take yin ɗaya. Lin ya kuma lura cewa a wasu haɗe-haɗen ƙwayoyin sun fi ƙanƙanta, saboda sinadarin ya taru a wuri kaɗan lokacin da aka fi buƙatarsa.

Akwai sharaɗi guda da ba a wasa da shi. Dafa ruwa na kashe ƙwayoyin cuta, don haka ruwan da za a zuba ba dafi dole ya zama tsaftatacce, tatacce, kuma a sa maganin hana ruɓewa yadda ya kamata. Ruwan rijiya ko na 'yan garuwa bai dace ba. Kuma kason da za a bari ba dafi ya danganta da yawan kakin da ke ciki. In ya yi yawa kakin zai daskare da wuri ya yi tsaki-tsaki. Sai an gwada da kilo ɗaya kafin a hau kan ganga.

Ƙaron da muke sayarwa ɗanye

Akwai inda wannan ilimi ya taɓa ƙasarmu kai-tsaye. Ɗanɗanon lemu a lemon kwalba mai ne da aka tatso daga ɓawo, kuma ba ya narkewa a ruwa. Kamfanoni kan yi emalshan ɗinsa mai ƙarfi a wuri ɗaya, su rarraba wa masu ɗura kwalba su tsinka sau ɗaruruwa. Sinadarin sasancin da aka fi amincewa da shi a wannan aiki shi ne ƙaro, danƙon bishiyar ɗakwara, wanda ake rubutawa E414 a jikin kaya. Yana da ɗan furotin da ke manne wa mai, da dogayen sassan sukari da ke bazuwa cikin ruwa su hana ƙwayoyi haɗuwa, kuma tsamin lemo ba ya karya shi.

Sudan ce kan gaba wajen samar da shi, sai Cadi da Najeriya, inda ake tsintarsa a Borno da Yobe da Jigawa. A Gashuwa ma akwai reshen binciken ƙaro na cibiyar binciken roba ta ƙasa. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 ya sa masu saye suka ƙara waiwayar maƙwabta. Amma har yanzu mafi yawan ƙaron Sahel a buhu yake fita, a tace shi a busar a Turai, musamman Faransa, sannan a sayar wa duniya har da mu. Mai tsinta a daji yana samun mafi ƙanƙantar kaso, ribar tana wurin wanda ya san yadda ake mai da shi abin haɗa mai da ruwa.

Wannan sani ba ya buƙatar masana'antar biliyoyi kafin a fara. Sashen injiniyan sinadarai na Jami'ar Ahmadu Bello da cibiyar binciken fasahar sinadarai ta ƙasa da ke Basawa, duka a Zariya, da takwarorinsu na Kano da Maiduguri, suna da madubin ƙara girman ƙananan abubuwa da ɗaliban da ke neman abin bincike kowace shekara. Ina roƙonsu su ɗauki kayanmu, man gyaɗa da man riɗi da man kaɗe da ƙaro, su auna a wane kauri da wane saurin juyi kowanne ke ba da ƙwayoyi masu kyau, kuma yunit nawa ake ci a kowane kilo. Su rubuta sakamakon da Hausa, su kai wa ƙungiyoyin mata masu haɗa kirim da masu ƙananan masana'antu.

Kai kuma mai sana'a, kafin ka ci bashi ka sayo babban inji, duba mitarka kafin zubi da bayan zubi ka rubuta. Gobe ka riƙe rabin ruwan, ka haɗa da kauri, ka tsinka daga baya, ka sake duba mitar. Ajiye kwalba ɗaya daga kowane zubi a wuri mai ɗumi na wata guda, ka ga wadda ta fara rabuwa.